Ranar da Na Kwance Birki a Hanyar Kachia

Alheri, Ishaku da Godiya, a gidanmu an daɗe ana faɗin wata magana wadda ba haka take ba, ni kuma na yi shiru na bar ta ta zauna har jikokina sun fara jin ta. Maganar ita ce wai babanku ne ya hana ni karɓar aikin Kaduna, don ba ya so a ce matarsa ta fi shi. Ke Alheri kin faɗe ta a gabansa, kin faɗe ta a bayan idonsa, na kuma ji kina maimaita wa mijinki ita ranar da muka dawo daga jana'iza. Ban ga laifinki ba, abin da muka bar ki da shi ke nan. Amma yanzu babanku Ayuba ya kwanta dama, alkawarin shirun da na yi masa ya ƙare, hannuna kuma ya fara rawa in na riƙe biro. Bari in rubuta yadda abin ya faru tun ina iya tuna shi daki-daki.

Ku kun san babanku makanikin mota ne, amma ni a loko na same shi, yana gyaran jirgin ƙasa. A wancan lokacin, da kukan jirgi Kafanchan take farkawa. Ni 'yar Kagoro ce, shi kuma daga wani ƙauye kusa da Zonkwa, yarenmu ba ɗaya ba, saboda haka da Hausa ya neme ni, da Hausa muka yi aure, da ita kuma muka yi duk faɗan da muka taɓa yi. Sai in abu ya tsorata shi ne yake komawa yarensu, yana magana ƙasa-ƙasa shi kaɗai. Da jirage suka riƙa raguwa, ciyawa ta fara cin layin dogo, sai ya kwashi akwatin sifanoninsa ya koma gindin wani mangwaro a bayan tsoffin gidajen reluwe, ya kafa rumfar kwano. Ba a jima ba aka san shi da gyaran birki. Direbobin bas masu hawa da saukar tudun Kagoro wurinsa suke zuwa, ko da za su yi layi. Malama yake kirana, tun ranar farko har ranar ƙarshe, ni kuma Baban Alheri.

A shekarar da nake magana ina koyarwa a firamare, ina riƙe da muƙamin mataimakiyar shugaban makaranta. Damina ta yi nisa sai ga takarda daga ma'aikatar ilimi, an ɗaga ni zuwa mai duba makarantu, zan zauna a Kaduna, har da gidan gwamnati. Gidanmu ya cika da murya. Alheri, kin gama sakandare ke nan, kina ta lissafa titunan da ba ki taɓa takawa ba kamar a can aka haife ki. Ishaku yana tambaya ko akwai filin ƙwallo kusa da gidan. Godiya ba ta gane komai ba, amma ta ɗauki kalmar Kaduna ta mai da ita waƙa tana bin kaji da ita a tsakar gida. Wanda ya fi kowa murna kuwa babanku ne. Kwana uku takardar tana aljihun rigarsa ta aiki, yana nuna wa duk wanda ya kawo mota, har sai da na ƙwace ta da tabon baƙin mai a kusurwa. Shirin shi ne ni da ku mu koma, shi kuma ya riƙa zuwa ƙarshen mako har ya sami wurin kafa rumfa a can.

Akwai abubuwan da na gani a shekarar ban ba su muhimmanci ba. Ya daina karanta Littafi Mai Tsarki a sujadar safe, ya ce gara yara su saba. Yakan buge kafaɗa a ƙofar ɗakin da muka yi shekara ashirin muna shiga. In an kira shi daga gefe, ba ido yake juyawa ba, kai gaba ɗaya yake juyawa, a hankali, kamar mai ciwon wuya. Kofuna biyu ya ture daga kan tebur a wata ɗaya. Na ce gajiya ce da shekaru, hankalina kuma yana Kaduna.

Ranar wata Juma'a muka tashi mu biyu za mu je mu ga gidan, in kuma gabatar da kaina a ofis. Na sa atamfata mafi kyau, koriya mai ratsin zinariya, da ɗankwalinta. Motarmu kun tuna ta, tsohuwar Fijo ɗin nan mai ruwan toka da ya saya wurin wani ɗan Ibo abokin aikinsa na reluwe da zai koma gida. Ta yi makonni a ajiye ruwa yana dukanta, don shi makaniki motar kowa yake dubawa ban da tasa. An yi ruwa da asuba, gari ya wanku. Ban taɓa ganin ƙasarmu ta yi kyau kamar ranar ba, ko kuwa don ina ganin zan bar ta ne. Gajimare sun sauko sun kwanta a kan duwatsu, gonakin citta kore shar, acca ta nuna ta yi ruwan zuma tana kwanciya tana tashi da iska. Na jingina kai da gilashi ina ganin kaina a wani ofis mai fanka, ina sa hannu a takardu, wani yana ƙwanƙwasa ƙofa kafin ya shigo. Ayuba yana tuƙi a hankali ƙwarai, ya matso da fuska kusa da sitiyari.

Mun wuce Zonkwa, mun kama hanyar Kachia, sai na ji motar tana yi kamar ana jan ta ta baya. Yana taka totur tana nishi. Sitiyarin kuma sai fizgewa yake yi zuwa dama, yana maido shi. Can wani wari ya shigo, kamar an manta tukunya a wuta har ƙarfen ya ƙone. Ya gangara gefen hanya ya tsaya a gindin wata ɗorawa. Da muka fito, hayaƙi siriri yana tashi daga tayar gaba ta ɓangarena. Ya ce birki ne ya riƙe, ya kama ya ƙi saki. Ya durƙusa ya zura hannu ta ramin wil ɗin don ya ji zafin daga nesa, kamar yadda na sha ganin yana yi, amma sai hannun ya wuce ya dafa ƙarfen. Ya fizge shi da sauri. Kan yatsunsa huɗu na dama sun yi fari. Na zuba masa ruwan gorarmu ina faɗa, ina cewa mutum mai shekara talatin a aikin nan ya taɓa birki mai hayaƙi.

Sai da muka jira ƙarfen ya huce. Wurin shiru ne, mota sai jifa-jifa. Ƙudan zuma suna ta guna a saman ɗorawar, inuwar ganye tana yawo a kan motar, can nesa wasu shanu suna ratsa fadama ba a ko jin motsinsu. Na shimfiɗa tsohuwar jarida na zauna a kan saiwa don kada atamfar ta ɓaci. Ya sa duwatsu a bayan tayoyi, ya sassauta notina, ya ɗaga motar da jak, ya cire tayar, duk da hannun hagu da tafin dama. Ya nuna mini faifan ƙarfen da taya ke juyawa da shi, ya yi shuɗi-shuɗi don zafi, da wani dunƙulen ƙarfe da ya rungume gefensa. Ya ce wannan shi suke kira kalifa, shi ne ke matse faifan in an taka birki, in an ɗaga ƙafa kuma ya saki. Namu ya matse ya ƙi saki. Ya sa sifana ta baya ya kwance ƙusa ta farko. Da ya zaro ta, yatsun da suka ƙone suka kasa riƙe ta, ta faɗi, ta gangara ta tsaya dab da gwiwarsa.

Tana nan a kan jar ƙasa tana ƙyalli a rana. Ko Godiya da ke shekara biyar, da tana nan, za ta gan ta daga tsallaken hanya. Ayuba ya sunkuyar da kai yana dubawa gabansa, ya duba ƙarƙashin mota, sa'an nan ya fara shafa ƙasa da tafin hannu, nan da can, yana wuce ta. Na buɗe baki zan yi masa dariya sai na ji yana magana da yarensu, ƙasa-ƙasa. Na fasa dariyar.

"Baban Alheri, ga ta nan kusa da gwiwarka."

"Wace gwiwa?"

Na tashi na zo na tsaya a gefensa. Na ɗaga hannu daidai kunnensa na kaɗa yatsu, na matso da su har kusa da kumatunsa. Bai ko ƙifta ba. Sai da hannun ya zo gaban hancinsa ya zabura. Muka dubi juna, ko in ce ya juyo da kansa gaba ɗaya har ya same ni.

"Tun yaushe?"

"Tun bara da damina," in ji shi. "Kamar ina leƙen duniya ta cikin bututu ne, Malama. Bututun kuma kullum tsukewa yake yi."

Ya zauna dirshan a ƙasa ya gaya mini sauran. Tafiyar da ya yi a watan Maris da sunan sayo kayan mota, asibitin ido ya je shi kaɗai. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, maganin ɗigawa zai rage masa gudu kawai. Kwalbar tana cikin akwatin sifanoni, a rumfa yake ɗigawa. Ya ce ya yi niyyar gaya mini, sai takardar Kaduna ta zo, ya ga fuskata, ya fasa. Aiki kuma da yatsu yake yi tun da daɗewa, ba wanda ya lura.

Ba tausayi na fara ji ba, kada in yi muku ƙarya. Fushi na ji, irin wanda ke sa kunne ƙara. Mutumin nan kowace Lahadi yana ɗaukar 'ya'yana a mota zuwa majami'a, yana ratsa kasuwa, yana wuce 'yan makaranta, alhali ba ya ganin abin da ke gefensa. Na faɗa masa haka, na faɗi abin da ya fi haka, sa'an nan na juya na shiga gonar accar da ke bakin hanya, ina tafiya ban san inda za ni ba. Raɓar ruwan safe ta jiƙa mini zane har gwiwa. Na tsaya a tsakiyar gonar. Ban san iya lokacin da na yi a wurin ba. Iska tana kwantar da accar tana wucewa, inuwar gajimare tana bin tudu a hankali, wasu fararen balbela suka tashi suka sauka. Na rufe ido ɗaya, na dunƙule hannu na yi ɗan rami, na leƙa ta ciki. Na ga reshe ɗaya na wata giginya, shi ke nan. Gonar duka, da tudun, da balbelun, babu su. Na juya da hannun a ido har na samo motar, ƙarama can, da mutum zaune kusa da ita ya ɗora hannun da ya ƙone a kan gwiwa, yana jira. A haka yake ganina shekara guda, in ya yi sa'a ya same ni.

Da na dawo na tsinci ƙusar na sa masa a tafin hannu. Ya juya ta, ya ce yatsun ba sa jin komai sai zafi, rana kuma tana tafiya.

"Idon babu, yatsun babu. Sai dai ki ara mini naki, Malama."

Na tattare zanen na ɗaure a ƙugu, na durƙusa a jar ƙasar nan da atamfar da zan shiga ofis da ita. Ya matso ya zauna a bayana, muryarsa dab da kunnena, ya koma Ayuban loko, mai magana a natse. Ya sa na laluba ta baya na samo kan ƙusa ta biyu. Ta ƙi motsi, ya ce in sa ƙafa a kan sifanar in taka da nauyina, ta yi ƙara ta saki. Ya ce in zura babban sukudireba in ɓanɓare kalifar daga faifan a hankali. Da ta fito na ji nauyinta kamar dutsen niƙa ƙarami, ga wata igiyar roba baƙa a jikinta. Ya ce kada in kuskura in bar ta ta rataya a kan robar nan, ta cikinta man birki ke bi, in ta tsage mun kwana a nan. Muka nemi waya babu. Na kwance ɗankwalina na ɗaure ta da shi a jikin sifirin motar.

Sai ya riƙa tambaya ina ba shi amsa, kamar ɗaliba a gaban allo. Fatar birki biyun da ke goga faifan, wace ta fi cinyewa? Na ce ta ciki ta kusa ƙarewa, ta waje da sauranta. Ya ce to, in duba wasu sanduna biyu ƙanana da kalifar ke zamewa a kansu, kowace da 'yar rigar roba. Ta sama na ja ta fito sumul da maiƙonta. Ta ƙasa kuwa rigarta ta yage, ta kafe kamar an dasa ta. Ya yi ajiyar zuciya ya ce ita ce, ruwan damina ya shiga ya yi tsatsa. Na kama kanta da filaya ina murɗawa dama da hagu, ina ɗiga man birki, yana ce mini kada in yi gaggawa, ƙarfe yana jin lallashi. Gumi yana shiga mini ido. Can ta motsa kaɗan, ta sake motsawa, sai ta fito ja wur, busasshiya. Ya ba ni guntun samfefa daga akwati. Na zauna ina gogawa ina juya ta, jan gari yana zuba a cinyata, har farin ƙarfen ya fito. Ya karɓa ya goga ta a leɓensa na ƙasa, tun da yatsun ba sa ji, ya ce akwai sauran kaushi a gefe ɗaya. Na duba, da gaskiyarsa.

Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne, a cikin wannan sa'a na ji wata natsuwa da ban san daga ina ta zo ba. Fushin yana nan, tsoron yana nan, amma kamar an ajiye su a tsallaken hanya. Shekara ashirin da aure, ban taɓa sanin abin da hannun mutumin nan yake yi tun safe har yamma ba. Ina wanke baƙin man daga rigunansa, ban taɓa tambayar daga ina yake fitowa ba. Yanzu ga shi a farcena. Kamar mu biyu ne kaɗai a duniya, da ƙudan zuma, da ƙamshin ƙasa mai laima.

Na naɗa tsumma a tsinke na share ramin sandar, na shafa mata giris, ta shiga ta fita ba gardama. Rigar robar da ta yage muka juya ta muka ɗaure da zare daga bakin zanena, ya ce za ta kai mu gida. Ya sa na dafa ƙarfen cire taya a kan fistin ɗin da ke cikin kalifar, wanda ke tura fatar birki, na danna, ya koma ciki sannu a hankali, ya ce mun yi sa'a shi lafiyarsa ƙalau. Na kwance ɗankwalin, na mai da komai wurinsa, na ɗaure ƙusoshin. Ya ce in juya faifan da hannu. Ya juya, yana wata 'yar ƙara mai laushi. Ayuba ya kasa kunne, ya yi murmushi na farko a ranar.

Da muka sauke motar ya nufi ƙofar direba. Na riga shi na tsaya a gabanta na miƙa hannu. Ya daɗe a tsaye, sa'an nan ya sa mini makullin ya zagaya ɗaya ɓangaren yana dafa bonet. Shi ya koya mini tuƙi a filin ƙwallon reluwe kafin a haifi Ishaku, amma ban taɓa wuce kasuwa ba. Ya ce kafin in motsa in taka birki sau da yawa har ya yi tauri. Na farko ya tafi har ƙasa ba komai, gabana ya faɗi, na huɗu ya tsaya ƙyam. La'asar ta yi, ga ni baƙa ƙirin har gwiwar hannu, ba ofishin da zan shiga a haka. Na juya kan motar zuwa Kafanchan. A giya ta biyu na yi rabin hanyar, 'yan acaɓa suna wuce mu suna dariya. Mun ce muku mota ce ta lalace, wannan kuwa gaskiya ne.

Yanzu ku saurara da kyau. Babanku roƙona ya yi in tafi. Kwana biyu yana roƙo. Ya ce ya riga ya lissafa, yana da shekara biyu ko uku kafin bututun ya rufe, kafin nan na kafu a Kaduna, ku kun yi nisa a karatu, shi kuma ya san yadda zai yi. Ni ma ina so in tafi, Ubangiji ya sani. Amma na zauna a sujada ranar Lahadi ina kallon bayan kawunan mutane, ina tunanin nawa ne a cikinsu za su shiga bas gobe su gangara tudun Kagoro da birkin da aka gyara ba ido. Na san in na tafi ba zai daina ba, ba kuma zai gaya wa kowa ba. In na ɗauke shi zuwa Kaduna kuwa, na kai shi garin da ƙafarsa ba ta sani ba, ya zauna a ɗaki yana jiran in dawo. A Kafanchan ko ido rufe ya san hanyar rumfa, ya san muryar kowa. Ranar Litinin, a ɗakin malamai, lokacin hutun tara, na rubuta takardar da hannuna na ce na gode, ba zan iya ba. Sai da na aika na gaya masa. Kwana tara bai yi mini magana ba, abinci ma sai in Godiya ce ta kai masa.

Da ya sauko na kafa masa sharaɗi biyu. Ba zai ƙara riƙe sitiyari ba, ba kuma motar da za ta bar rumfarsa sai na duba aikin da idona. Shi ya sa kuka ga ina tashi daga makaranta in wuce gindin mangwaro da littattafan yara, ina maki a kan benci, in ya yi tari sau biyu in tashi kamar zan miƙa masa ruwa, in leƙa in gaya masa abin da na gani. Gari ya yi ta magana. Direbobi suka ce Malama tana gadin miji. A zumuntar mata wasu suka ce ya mallake ni, ya hana ni Kaduna ya mai da ni direbarsa. Waɗannan ba su dame ni ba kamar abin da ya faru a gida. Muna cin tuwo da rana wata Asabar, Alheri, kika ajiye cokali.

"Baba, kai ka ƙare rayuwarka a gindin mangwaro, shi ne kake so mu ma mu ruɓe a nan."

Ya ci gaba da cin tuwonsa. Kika tashi kika fita. Na yunƙura zan bi ki in gaya miki komai, sai ya kama bakin zanena, ya jira Ishaku da Godiya suka kwashe kwanuka.

"Bar ta. Yarinyar da ke fushi da ubanta za ta tafi ta yi karatu. Wadda ke jin tausayinsa zama za ta yi, ta zama sandarsa. Mutum ɗaya ya isa."

A nan ya sa na yi alkawari. Kin tafi karatu Zariya a shekara ta gaba, kin yi shekara biyu ba ki zo Kirsimeti ba, wasiƙunki ni kaɗai kike gaisarwa. Nakan karanta masa su in ƙara gaisuwarsa daga bakina, shi kuma yakan yi kamar bai gane ba. Bayan shekara uku ya miƙe a majami'a ya faɗa wa jama'a cewa idonsa ya tafi, ya sallama rumfar. Kowa ya ɗauka sabon abu ne, ku ma haka. Na ce masa yanzu sai a gaya miki. Ya ce a'a, za ki ɗauki maganar ranar Asabar ɗin nan ki ɗora a kai har tsufanki, shi kuma tuni ya sauke ta. Na bi ra'ayinsa, ban tabbata na yi daidai ba. Na ga yadda kike gaishe shi daga bakin ƙofa duk shekarun nan, na ga yadda yake juya kai yana neman inda muryarki take.

Kada kuma ku mai da ni wata waliyyiya. A firamaren nan na yi ritaya, a ajin da na fara. Wadda aka ba aikin a madadina ƙawata ce tun kwalejin horon malamai, ta hau har ta zama darakta. Wata rana aka yi bikin aure a Zonkwa, ta zo da motar ofis da direba, aka tashe mu daga kujerun gaba aka zaunar da ita. Ta rungume ni da zuciya ɗaya, ta ce har yanzu ba ta gane abin da ya same ni ba. Na dawo gida da yamma na shige kicin, na ɗora tukunya, na tsaya ina kuka ba sauti. A lokacin babanku ba ya ganin ko hasken taga. Yana zaune a baranda yana ɓarar gyaɗa a faranti, sai na ji ya kira ni. Na share fuska na fito.

"Malama, kin yi da-na-sani?"

"Wasu ranaku."

"Yau fa?"

"Yau na yi."

Ya gyaɗa kai, ya ɓare gyaɗa biyu ko uku kafin ya sake magana.

"Na gode. Kowa ya fara yi mini irin ƙaryar da ake yi wa makafi. Da ke ma kin fara, da ba ni da kowa."

Ya matsa ya ba ni wuri a kan bencin, ya turo farantin tsakaninmu. Na zauna na ɗebi gyaɗar. Muna nan muna ɓara har Godiya ta leƙo ta ce tukunyar da na ɗora ba ruwa a ciki.